Baƙin Kaji a Tsakar Gida

Ina gaida mutanen Danwarai da Aliero da Sabiyal, da na Jega da Maiyama, da duk inda muryar nan ta kai. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata da ƙannenmu da ke cikin gidaje, don maganar yau tasu ce kafin ta zama ta kowa. Kusan duk kazar da ke yawo a tsakar gida a ƙasar nan tana da mai ita, kuma mai ita ta san abin da ta ajiye ta dominsa: wannan ta sallah ce, wannan ta kuɗin littafin yaro, waccan kuma ta ranar da baƙo zai sauka ko ciwo ya zo da tsakar dare.

Kun san yadda abin yake gudana. Mace ta kwashi adashi, ko ta tara ribar ƙuli-ƙuli, ta ba maigida ko ɗanta kuɗi ranar kasuwar Jega. Da la'asar ya dawo da kaji shida ko goma a kwali bayan babur, 'yan mako biyar ko shida da ƙyanƙyasa. A juye su a tsakar gida cikin waɗanda ake da su, a watsa tsaba, yara su taru, kowa ya sa albarka. Bayan kwana goma sai ka ji ana cewa, "Ai kajin nan ba su karɓe mu ba," ko kuma, "Iska ce ta shiga gidan ga." Baƙin sun mutu, na gidan ma sun bi su. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, yawancin irin wannan asara tun a waccan la'asar ta farko ake ƙulla ta, lokacin da aka juye kwalin. Kuma abin da zai hana ta bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Bari mu fara da abin da ido ke gani.

Kajin gida ba taron yuyuyu ba ne. Gobe da safe, in an buɗe akurki, ki tsaya ki kalle su a bakin kasko. Akwai wadda ke fara sa baki, babu mai matsowa sai ta gama. Akwai mai bi mata. Akwai kuma wadda ke can gefe tana tsince-tsince, sai kowa ya watse sannan ta zo ta kalaci abin da ya rage. Babbar ba ta ma bukatar sara. Ta ɗaga kai kawai ta kalli ta ƙasa da ita, sai ki ga waccan ta sunkuyar da wuya ta ja da baya. Wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana yaro yake zama yana kallon kajin gidansu, shi ya fara rubuta wannan tsari a ilmance a 1921: kowace kaza ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Masu bincike da suka biyo bayansa sun gano cewa kaji suna gane juna ne ta kai da fuska da zanko. Iyayenmu sun san haka tun kafin a rubuta. Abin da muke mantawa da shi shi ne, ranar da baƙuwa ta shigo, wannan tsarin gaba ɗaya sai an sake shi, kuma da baki ake sake shi.

Idan baƙuwar babba ce, za a gwada ƙarfi kwana biyu ko uku, kowa ya san matsayinsa, a zauna lafiya. Idan 'yar mako biyar ce, babu zancen gwada ƙarfi. Kora ce kawai. Za a caccaki ƙeyarta, a fige mata gashin baya, a hana ta kasko. Mutane sun fi lura da raunin, amma sau da yawa yunwa da ƙishirwa ne ke kashe ta. Tana maƙale bayan randa ko ƙarƙashin rumbu tun safe, uwar gida tana ganin an zuba abinci an cinye, ta ɗauka kowa ya ci. Ga yadda za ki gane: da magariba ki kama ƙaramar, ki shafa jakar abincin da ke ƙasan wuyanta, ɗan dama da ƙirji. In ta ci ta ƙoshi za ki ji ta cike. In kika ji fata kawai, to wunin nan ba ta ci komai ba, ko da an zuba kwano guda a gabanta. Kwana biyu a haka cikin zafin Afirilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a wannan yanki, ta tafi.

In kuwa jini ya fito, magana ta canza. Ja yana jan hankalin kaza, kuma da ɗaya ta sari wurin sauran za su biyo. Kada a bar mai rauni cikinsu ko na awa ɗaya. A ɗauke ta, a wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a shafa shuɗin maganin nan na ciwo da ake samu a kemis, a ajiye ta ita kaɗai har wurin ya bushe.

Wannan shi ne abin da ake gani, kuma shi ne ƙaramin haɗarin. Babban yana shigowa ne a jikin kazar da ta fi kowacce kyan gani.

Annobar nan da ke share kaji lokacin hunturu, wadda za ki ga kaza ta saki fukafukai, tana buɗe baki tana neman numfashi, kashinta kore-kore, wata kuma wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya, likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasil. Sunan wani gari ne a Ingila inda aka tantance ta wajen 1927, bayan an fara ganinta a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya a 1926. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a Ibadan a farkon shekarun 1950, kuma tun daga nan ba ta bar mu ba. Ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairos, ba ta jin magani. In ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya kwashe kusan duka. Mugun halinta shi ne, daga ranar da kaza ta ɗauka zuwa ranar da za ta nuna, ana iya yin kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu. A tsakanin nan tana cin abinci, idonta garau, mai saye ya ɗaga ta ya ji nauyi ya biya.

Yanzu ku dubi kasuwa irin ta Jega, inda hanyar Sakkwato da ta Birnin Kabi da ta Yawuri suka haɗu. Kaji daga ƙauyuka masu yawa suna kwando ɗaya, suna shan ruwa a gwangwani ɗaya, suna numfashi a fuskar juna tun safe har yamma. Akwai kuma wata al'ada da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta: da mutum ya ga kajinsa sun fara mutuwa, sai ya kwashi sauran ya yi kasuwa da su kafin su bi. Ban ce mugunta ke sa shi ba, tsoron asara ne. Amma kazar da ya sayar da araha ita ce za ta je ta share akurkin wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Duk lokacin da kuka ga kaji sun yi arha fiye da kima a tsakiyar hunturu, ku tambayi kanku dalili. Haka nan kazar da kuka kai kasuwa ba a saya ba kuka dawo da ita, ta zama baƙuwa. Kazar da aka ba ku kyauta wajen suna ko ziyara, komai kusancin wanda ya bayar, baƙuwa ce.

Cutar kuma ta kowane ɓangare take tafiya. Tsohuwar kazar gida da ta tsallake hunturu uku ta saba da cututtukan gidan, tana ɗauke da wasu ba su yi mata komai. Ƙasar tsakar gidan ma cike take da ƙwayoyin da ke sa kashin jini. Ƙaramar da aka rena a kan dusar katako mai tsabta ba ta taɓa haɗuwa da su ba. Akwai cutar Gumboro, wadda ta fi kama 'yan mako uku zuwa shida, ta raunana garkuwar jikinsu yadda ko sun tashi kowace cuta sai ta same su. Agwagi kuwa sukan ɗauki ƙwayar Niyukasil da ta murar tsuntsaye suna yawonsu lafiya lau. Mu tuna, murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji ce a Jaji cikin jihar Kaduna, kuma ta sake dawowa a 2015 ta Kano da Legas. Jigilar kaji da kasuwanninsu na cikin manyan hanyoyin da ta bi ta bazu.

To mene ne abin yi? Ba na bukatar in koya wa mutumin Aliero ko Danwarai wannan, don yana yi a wani wurin. Babu manomin albasa da zai kwaso ta daga fadama ya zuba a rumbu kai tsaye. Sai ya shanya ta, ta sha iska, ya zauna ya tsince mai tabo da mai laushin wuya, domin ya san guda ɗaya tana ruɓar da tari. Haƙurin nan da muke yi wa albasa shi kaji ke nema.

Aikin hawa biyu ne, kuma inda aka fi yin kuskure shi ne a haɗa su wuri ɗaya.

Hawa na farko, keɓewa, saboda cuta. Nan ana son nisa. Baƙin su zauna inda na gida ba sa zuwa, ba sa shan ruwansu, ba sa taka kashinsu: bayan ɗaki, ko wani kango, ko garka mai shinge, ko ɗakin da ba a kwana. Kwana nawa? Ashirin da ɗaya. Ba shi da wuyar riƙewa, don daidai yake da kwanakin da kaza ke yi a kan ƙwai, kuma shi ne wa'adin da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta ɗauka a matsayin iyakar ɓuyan cutar Niyukasil. Wanda ya iya cika wata guda ya fi. A cikin kwanakin nan, a fara ba na gida abinci, sannan a je wurin baƙi, a wanke hannu da sabulu bayan an fito. Kaskonsu daban, tsintsiyarsu daban. Ki ajiye wani tsohon silifa a bakin wurin wanda ba ya zuwa ko'ina sai nan. A ja kunnen yara, domin su ne za su ɗauki wannan su rungume, su je su ɗauki waccan.

Kuma keɓewar ba ajiyewa a manta ba ce, kallo ake yi. Da safe ki duba kashinsu kafin ki share. Ki ɗaga fiffike ki hura gashin, ki ga ko akwai kwarkwata tana gudu a fata. Ki duba gefen ido ko ƙuma ta yi baƙi a wurin. Ki duba ƙarƙashin wutsiya, in kashi ya manne ya bushe a gashin, akwai zawo. Da dare, in gari ya yi tsit, ki je ki tsaya kusa da su ba tare da fitila ba, ki kasa kunne. Kaza mai lafiya ba a jin numfashinta. In kika ji kurkur a maƙogwaro, ko atishawa, to Allah ya taimake ki da ba ki haɗa su ba.

Hawa na biyu, sabo, saboda faɗa. Nan kuma kusanci ake so. Bayan sun cika kwanakinsu lafiya, a kawo su tsakiyar gida cikin babban kwando mai ramuka, ko keji na ragar waya, a ajiye a inuwa inda manyan ke kai da kawo. Suna ganin juna, suna jin juna, baki ba ya kaiwa. Ranar farko za ki ga babbar kazar tana zagaya kejin, ta kumbura wuya, tana kai sara ga waya. Ki riƙa watsa tsaba a gefen kejin ciki da waje, su ci kusa da juna. Bayan kamar mako guda za ki ga ta wuce ta gabansu ko kallo ba ta yi. Alamar da ake jira ke nan.

Ranar saki, kada a yi da safe. A bari sai rana ta yi sanyi, saura kamar awa ɗaya magariba, yadda ko faɗa ya tashi duhu zai raba. Wasu sukan bari sai dare ya yi su saka baƙin cikin akurki manyan suna barci. Dabara ce mai kyau, da sharaɗi ɗaya: ki riga su tashi. In gari ya waye suna kulle a ƙaramin akurkin laka, ƙaramar ba ta da wurin gudu, nan ake samun gawa. A buɗe tun da asuba. A ajiye abinci da ruwa wuri biyu ko uku, yadda wadda ke wannan kaskon ba ta hango wancan, domin kaza ɗaya ba za ta iya tsare wuri uku ba. A jingina tsohon asabari ko karan dawa a bango, a bar ɗan rami da ƙarama za ta shige babba ba za ta iya ba. Kada a saki guda ɗaya tilo, duk saran a kanta zai ƙare. Uku ko huɗu tare sun fi. Sara ɗaya biyu da ɗan kora ba abin damuwa ba ne, ta haka suke shirya zamansu. Amma in akwai wata guda da ta ɗora wa kanta bin su duk inda suka shiga, ita za a kama a kife da kwando kwana uku ko huɗu. In ta fito, neman nata matsayin zai ɗauke mata hankali.

Sai zancen girma. Kada a haɗa sai ƙananan sun kusa kai manyan a jiki, gashinsu ya gama fitowa, sun daina kukan 'yan tsaki. Kajin zamani irin su Noiler suna saurin girma, a wata biyu zuwa uku sukan kamo kazar Hausa a jiki in suna samun abinci. Amma girman jiki bai koya musu komai ba. Ɗan tsakon da uwa ta rena ya san inda ake tono, ya san in ta yi wani irin kuka sai a ruga ƙarƙashin rumbu. Wanda inji ya ƙyanƙyashe a Ibadan, aka ɗoro shi a mota ya kwana a hanya, aka rene shi gaban tukunyar gawayi, bai taɓa ganin shirwa ba, bai san inda ake fakewa a gidanki ba. Makonnin farko a bar su kusa, inda ake ganinsu, da dare kuma a rufe su sosai saboda muzuru da tunku.

Wannan magana ta baƙin kaji ba sabuwa ba ce a jihar Kabi. A 2015 cibiyar binciken dabbobi ta duniya, ILRI, mai hedikwata a Nairobi, ta fara wani shiri a Habasha da Tanzaniya da Nijeriya don a gwada irin kajin da suka fi dacewa da kiwon gida. A Nijeriya jihohi biyar aka zaɓa: Kabi, Kwara, Nasarawa, Imo da Ribas. An gwada iri shida, cikinsu har da kazar Fulani, da Noiler, da Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abekuta. Abin lura a nan, ba 'yan kwana ɗaya aka miƙa wa gidaje ba. Sai da aka rene su mako shida, aka yi musu rigakafi, sannan aka raba. Masana ne, sun san abin da ke jiran ɗan tsako a tsakar gida. To in masu ilimin abin sun yi wannan tanadi, me zai sa mu ɗauka cewa juye kwali ya wadatar?

A nan ina da kira ga duk mai raba kaji da sunan tallafi, gwamnati ce ko ƙungiya ko mai neman ƙuri'a, da kuma matasanmu da suka kama sana'ar renon 'yan tsaki suna sayarwa, sana'ar da nake yabawa ƙwarai. Miƙa wa mace kaji goma ba tare da an tambaye ta ko tana da wasu a gida ba, ba tare da an faɗa mata rigakafin da aka yi musu da ranar da za a sake ba, rabin aiki ne, kuma wani lokaci yakan bar ta ƙasa da inda aka same ta. Ta zo da kaji biyar nata na kanta, ta koma babu ko ɗaya. Kai mai sayarwa, ka rubuta a 'yar takarda: an ƙyanƙyashe su ran kaza, an yi musu na Gumboro ran kaza, na Niyukasil ran kaza. Ke mai saye, ki tambaya, haƙƙinki ne. Wanda ya kasa ba ki amsa, ki nemi wani. Ɗalibanmu na sashen aikin gona a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ga aiki a bakin ƙofarku. Danwarai ba nisa.

Rigakafin nan kuwa yana nan, kuma a ƙasar nan ake yin sa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin na Niyukasil iri-iri. Akwai Lasota da aka fi sani. Akwai kuma wanda ake kira I-2, da aka fara samarwa a jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya musamman don kajin ƙauye, saboda ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, babba da ƙarama duk ɗaya, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Ba ya aiki nan take, jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu. Don haka kajin gida ake fara yi wa, mako biyu kafin a je sayen baƙi. Ba a yi wa marar lafiya. A ɗauko shi cikin fulas da ƙanƙara, kada a sa a aljihu a hau babur cikin rana, kuma da an haɗa shi da ruwa a yi amfani da shi, ba ya jira.

Na san abin da ake zubawa a ruwan kaji: barkono, ɓawon maɗaci, tafarnuwa, da kafson nan ja da rawaya. Ban raina ƙoƙarin kowa ba, mai ciwo a hannu duk abin da ya samu zai gwada. Amma babu ɗaya cikinsu da ke kashe wannan ƙwayar cuta. Kazar da ta tashi bayan an ba ta, da ma mai tashi ce. Shi kafson kuwa, yawan ba da shi barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa, har a jikin mutane.

Wata za ta ce, "To Malam, ni na keɓe nawa, na maƙwabciyata fa da ke tsallako katanga kullum?" Gaskiyarki, Hajiya. Kajin unguwa garke ɗaya ne, ko da masu su goma ne. Shi ya sa rigakafin gida ɗaya ba ya kai na unguwa. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in ke kaɗai kika saya sauran zubarwa za a yi. Matan da ke zubin adashi tare su haɗa kuɗin kwalba, a sa rana, a hana kaji fita da safe, mai unguwa ya sa a yi shela, a kira ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma ya bi gida-gida. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an ɗauke ruwa, wajen watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso, sai kuma a sake kafin hada-hadar kasuwar sallah.

Abinci, a taƙaice. In kina sayen abincin kajin ƙwai na buhu, kada ƙananan su ci shi. Sinadarin ƙashi da ke cikinsa, wanda ake sawa don ɓawon ƙwai, ya ninka abin da ƙaramar kaza ke bukata kamar sau uku, yana lalata mata ƙoda. In an haɗa su, a ba kowa abincin masu tasowa, a ajiye dakakken ɓawon ƙwai ko ƙonannen ƙashi a wani kwano daban, masu ƙwai za su je su ɗiba da kansu. Dusa zalla kuma ba ta gina jiki. A ƙara da garin ƙuli-ƙuli, da gara, da ɓarɓashin busasshen kifi, da ganyen zogale. A zuba toka da yashi a wani lungu su yi birgima, yana rage musu kwarkwata.

Zakara kuma a yi hattara. Ɗaya ya ishi kaji kamar goma. Ƙaramin zakara da aka kawo gidan da akwai babba, da ya fara cara faɗa ya tashi, kuma na zakaru ba ya ƙarewa da wuri kamar na mata. A yanke shawara tun farko wanda za a bari. Babban zakaran zamani kuwa yana yi wa ƙananan kajin Hausa nauyi, yana yage musu baya.

Ina roƙon iyayenmu mata abu ɗaya: kada kyan baƙin kaji ya sa ku sayar da na Hausa duka. Gaskiya ne tamu ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, baƙuwar ta ninka haka. Amma yawancin kajin zamani ba sa kwanci. Tamu ce ke kwanciya a kan ƙwai, nata da na zabi, ta ƙyanƙyashe, ta rena, ta tare shirwa da ƙirjinta. Ita ce ma hanya mafi sauƙi ta shigar da 'yan tsaki cikin garke. In kina da kazar da ta kusa cika kwanakin kwancinta, kika samu 'yan kwana ɗaya ko biyu daga wurin da kika amince da shi, ki bari sai dare, ki tura su a hankali ƙarƙashin fiffikenta, ki tsaya ki ji. In ta yi musu ƙaramin kukan nan na uwa ta gyara zama, ta karɓe su, kuma babu kazar da za ta taɓa su tana raye. In ta kai sara, ki janye su. Wannan ba ya yiwuwa da waɗanda suka yi mako guda, sun wuce lokacin bin uwa, ita ma ba za ta yarda da su ba.

In kuma duk da haka mutuwa ta shigo, kada a jefa gawar a bola ko kwata, inda kare zai ja ta zuwa wata unguwa. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone. A rufe sauran a gida, kada su fita, kada a kai su kasuwa. In suna faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a Aliero ko Jega ko Maiyama nan da nan. A share akurkin, a ƙone sharar, a shafe bangon da farar ƙasa, a toshe tsagogin da kaska ke ɓuya, a bar shi a buɗe rana ta dake shi, kuma a yi aƙalla wata guda kafin a sake kawo wasu.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo.